Alƙali Ya Yanke Hukunci, Wa Zai Kashe Wutar?

Masu iya magana sun ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. To, amma a sha'anin sauyin yanayi abin ya zo a juye, domin waɗanda suka jawo ruwan suna can cikin soro sun turo ƙofa, wanda bai san hawa ba bai san sauka ba shi ne ruwan yake ta duka. Hayaƙin da ƙasashen Afirka baki ɗaya suke saki sama bai kai kashi 4 cikin 100 na abin da duniya take saki ba, na Nijeriya kuwa bai cika kashi 1 ba. Duk da haka a daminar 2022 ambaliya ta kashe mutum fiye da 600 a ƙasar nan, ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu, kuma masanan da suka bi diddigin al'amarin sun ce ɗumamar duniya ta ninka yiwuwar irin wannan ruwa wajen sau 80.

Tun daga 1995 shugabannin duniya suke taro kusan kowace shekara a kan wannan matsala. A yi jawabi, a sa hannu a takarda, a watse, zafi kuwa sai ƙaruwa yake yi. Da mutane suka gaji da gafara sa ba su ga ƙaho ba, sai suka fara kama hanyar kotu. Ya zuwa ƙarshen 2022 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙidaya ƙararraki fiye da 2,000 da aka shigar a kan sauyin yanayi, yawancinsu a Amurka, sauran a warwatse cikin ƙasashe masu yawa. Saboda haka ba abin mamaki ba ne da ake jin waɗansu lauyoyi da samari masu ilmi na ƙasar nan suna cewa lokaci ya yi da Nijeriya za ta bi sahu, a maka gwamnati da kamfanoni a kotu. Maganarsu tana kan hanya, sai dai akwai abin da da yawansu suka manta. Nijeriya ba sahu za ta bi ba, ita ce ma ta riga yawancin duniya taka wannan hanya, kuma abin da ya same ta a kai shi ne ya kamata a fara dubawa kafin kowa ya biya kuɗin lauya.

Asalin maganar daga rijiyar mai take. Idan an haƙo ɗanyen mai, yakan fito tare da iskar gas. Tun da aka sami mai a Oloibiri a 1956 aka kuma fara fita da shi waje a 1958, kamfanoni suka ga cewa tara wannan gas da sarrafa shi yana bukatar kuɗi masu yawa, ga shi ba kasuwa kusa, saboda haka sai su kafa dogon bututu su cinna masa wuta. Duk wanda ya taɓa ratsa Neja-Delta da dare ya ga waɗannan wutatai, suna ci ba dare ba rana, da ƙara kamar ta jirgin sama, har akwai ƙauyukan da yaransu suka girma ba su san duhun dare na sosai ba. Mata kan shanya rogo a gefensu don ya bushe da wuri, suna shaƙar abin da Allah kaɗai ya sani. Ban da cutar da mutanen wurin, wutar tana tura hayaƙi mai riƙe zafi zuwa sama, gas ɗin da ya tsere bai ƙone ba kuwa ya fi hayaƙin kansa riƙe zafi nesa ba kusa ba. A wajen 2005 ƙasar Rasha ce kaɗai ta fi Nijeriya ƙona gas a banza.

Ba a ce babu doka ba. A 1979 gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa dokar da ta ce daga ranar 1 ga Janairu 1984 ba wani kamfani da zai sake ƙona gas sai da rubutaccen izni na minista. Wannan ƴar jimla ta ƙarshe ita ce ramin da kura ta bi. Ranar ta zo ta wuce, aka riƙa ba da izni, aka ɗora tara ta kwabo 2 a kan kowane awo na ƙafa 1,000, yadda ma'aikatan mai suke auna gas. Har zuwa 1998 tarar ba ta wuce naira 10 ba. Wane ɗan kasuwa ne zai kashe miliyoyin daloli wajen gina masana'anta alhali da canjin aljihu zai sallami hukuma? Aka sa wa'adin 2008 ya wuce, aka sa na 2020 ya wuce.

Ana cikin wannan hali, a 2005, wani mutum mai suna Jonah Gbemre ya tsaya a madadin mutanen garinsu, Iwherekan, cikin Jihar Delta, ya kai ƙarar kamfanin Shell da kamfanin mai na ƙasa NNPC da Babban Lauyan Gwamnatin Tarayya gaban Babbar Kotun Tarayya da ke Binin. Dabarar lauyoyinsa ita ce ba su nemi diyya ba, domin sun san shari'ar diyya a ƙasar nan takan cinye rayuwar mai ƙara. Sai suka biyo ta ƙofar haƙƙin ɗan Adam. Suka ce sashe na 33 da na 34 na Tsarin Mulkin 1999 sun ba kowane ɗan ƙasa haƙƙin rayuwa da na mutunci, kuma Yarjejeniyar Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam, wadda Nijeriya ta mayar da ita dokar gida, ta ba al'umma haƙƙin zama a muhalli mai kyau. Mutumin da ake shayar da shi guba kullum, yana da rai a takarda, amma ana zare masa shi a hankali. Cikin abubuwan da suka lissafa har da ɓarnar da wutar take ƙarawa ga yanayin duniya.

Ranar 14 ga Nuwamba 2005 Mai Shari'a C. V. Nwokorie ya yanke hukunci. Ya yarda da hujjar masu ƙara, ya ce ci gaba da ƙona gas a garin take haƙƙinsu ne na rayuwa da mutunci, ya ce sassan dokar da suka ba minista ikon ba da izni sun saɓa wa Tsarin Mulki, saboda haka ba su da tasiri. Ya umurci kamfanonin su ɗauki matakin daina ƙonawa nan take, ya kuma umurci Babban Lauya ya fara shirin gyara dokar. A lura da shekarar. Shekara goma ke nan cur kafin shari'ar ƙasar Holan da ake ta yayatawa a yau, kuma har yanzu ɗaliban shari'a a Turai da Amurka suna karanta hukuncin Binin a matsayin ɗaya daga cikin na farko-farko irinsa a duniya.

Abin da ya biyo baya shi ne abin kunyar. Wuta ba ta mutu ba. Lauyoyin mai ƙara suka koma kotu da ƙorafin an raina umurninta, kamfani kuma ya ɗaukaka ƙara. A watan Afrilu 2006 kotun ta sassauta, ta ba da wa'adin shekara guda zuwa ƙarshen Afrilu 2007, bisa sharaɗin a kawo mata cikakken tsarin yadda za a kashe wutar daki-daki. Da wa'adin ya cika lauyoyin mai ƙara suka hallara, sai suka tarar ba tsari, ba wakilin waɗanda ake ƙara, takardun shari'ar ba a gan su ba, shi kuma alƙalin an yi masa canjin wurin aiki zuwa Katsina. Canjin wurin aiki dai ba baƙon abu ba ne ga alƙalan Tarayya, kuma Katsinawa ba za su ƙi alƙali mai ƙarfin hali ba. Amma duk alƙalin da ke zaune a Fatakwal ko Warri da irin wannan ƙara a gabansa, lalle ya ga abin da ya faru, kuma ba sai an yi masa fassara ba.

Gaskiya ne gas ɗin da ake ƙonawa a Nijeriya ya ragu da fiye da rabi daga wancan lokaci zuwa yau. Sai dai kada wani ya ɗora wa kotu rawanin da ba nata ba. Masana'antar sarrafa gas ta Bonny, wadda ta fara lodin jiragen ruwa a 1999 aka kuma yi ta faɗaɗa ta, ita da tashoshin lantarki suka mayar da gas abin sayarwa, ga kuma man da ake haƙowa shi kansa ya ragu. A 2018 aka ɗaga tarar zuwa dala 2 ga manyan kamfanoni. Watau abin da umurnin alƙali ya kasa, riba ce ta yi rabinsa.

Yanzu a gwada wannan da abin da ya faru a Holan. Wata ƙungiya mai suna Urgenda, tare da ƴan ƙasa wajen 900, ta kai gwamnatinsu ƙara cewa matakan da take ɗauka na rage hayaƙi sun yi kaɗan, alhali ƙasar tana da filaye masu yawa da ke ƙasa da bakin teku, in ruwa ya tashi su ne a gaba. A 2015 kotun birnin Heg ta umurci gwamnati ta rage hayaƙin ƙasar da aƙalla kashi 25 cikin 100 kafin ƙarshen 2020, in an gwada da na 1990. Gwamnatin ba ta ji daɗi ba, ta ɗaukaka ƙara ta faɗi, ta sake ɗaukakawa zuwa Kotun Ƙoli ta sake faɗuwa ranar 20 ga Disamba 2019. Daga nan sai ta yi biyayya. An rufe wata tashar lantarki mai aiki da kwal a Amsterdam, aka fito da sababbin matakai na biliyoyin kuɗi, kuma a 2020 aka cim ma adadin da ƙyar, ko da yake zaman gida na annobar korona ya taimaka ƙwarai. A Jamus ma, da Kotun Tsarin Mulki ta ce a 2021 dokar yanayin ƙasar ta tura nauyi mai yawa kan yara masu tasowa, cikin ƴan watanni majalisa ta gyara dokar, ta matso da wa'adin kawar da hayaƙi zuwa 2045.

Hujjar da alƙalan Holan suka dogara da ita, watau haƙƙin rayuwa, ita ce dai wadda alƙalin Binin ya dogara da ita. Ba su fi shi ilmi ba, ba su fi shi ƙarfin zuciya ba, in ma ana maganar ƙarfin zuciya to nasa ya fi, domin ba wanda ya yi barazanar ɗauke su daga kujerarsu. Bambancin guda ne. A can firayim minista ya san cewa in ya yi kunnen uwar shegu da hukuncin Kotun Ƙoli, majalisa da jaridu da masu jefa ƙuri'a ba za su bar shi ya yi barci ba. A nan kuwa gwamnatin da ya kamata ta aika ƴan sanda su tilasta bin umurnin, ita ce mai kashi 55 cikin 100 na hannun jarin haɗin gwiwar da ke ƙona gas ɗin. Alƙali ba shi da soja, ba shi da baitulmali, alƙalami kawai gare shi.

Abin da zai ƙara wa mai kishin ƙasa takaici shi ne cewa mutanen Neja-Delta da suka ga kuɗi a hannu ta hanyar shari'a, galibi a kotunan waje suka gan su. Mutanen Bodo sun sami fam miliyan 55 a 2015 bayan sun kai ƙara Ingila. Manoma huɗu da suka shigar da ƙara a Holan a 2008 sun yi nasara a kotun ɗaukaka ƙara a Janairu 2021, aka daidaita a kan yuro miliyan 15 a ƙarshen 2022, bayan dukansu huɗun sun riga mu gidan gaskiya, magadansu ne suka ƙarasa. Amma waɗannan shari'o'in malalar mai ne, inda za a iya nuna bututun da ya fashe da gonar da ta mutu. Shari'ar yanayi ba haka take ba, kuma a nan ne masu mafarkin diyya daga Turai ya kamata su yi hattara.

Wani manomi ɗan ƙasar Peru, Saúl Luciano Lliuya, ya gwada. Garinsu Huaraz yana ƙarƙashin duwatsu masu ƙanƙara, ƙanƙarar tana narkewa tana cika wani tafki da ke saman garin, ana tsoron wata rana ya ɓalle. A 2015 ya tafi har Jamus ya kai ƙarar kamfanin lantarki na RWE, wanda bai taɓa aiki a Peru ba. Ya ce bincike ya nuna kamfanin ne ya saki kusan rabin kashi 1 cikin 100 na hayaƙin masana'antun duniya, saboda haka ya biya daidai wannan kaso na kuɗin kare garin, wajen yuro 17,000. Shekara goma ana fafatawa, har alƙalan Jamus suka yi tattaki zuwa tafkin suka gani da idonsu. A Mayu 2025 kotun Hamm ta yarda cewa a bisa ƙa'ida ana iya kama babban mai sakin hayaƙi da alhakin ɓarnar da ta auku a wata nahiya, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne. Amma ta kori ƙarar, domin ƙwararrun da ta naɗa sun ce yiwuwar ruwan ya kai gidan mutumin ba ta taka kara ta karya ba. Ko kwabo bai samu ba. To, in manomin gero a Gashuwa ya ce zai bi wannan hanya saboda damina ta yi gardama, da wane awo zai raba laifin kamfanin Jamus da na sare itatuwa da na madatsun ruwan da aka gina a saman kogin Haɗeja?

Haka nan a Holan ɗin da ake yabo. A 2021 wata kotu ta umurci uwar kamfanin Shell ta rage hayaƙinta da kashi 45 cikin 100 kafin 2030, aka yi ta murna. A Nuwamba 2024 kotun ɗaukaka ƙara ta soke umurnin. Ta ce lalle kamfani yana da nauyin rage hayaƙi, amma kotu ba ta da ma'aunin da za ta ƙayyade wa kamfani guda adadi, kuma in ya daina sayar da mai wani ne zai sayar. A Amurka, matasa 21 da suka kai gwamnatin tarayyarsu ƙara a 2015 sun yi shekara goma ba a ko saurari shaidunsu ba, aka ce abin da suke nema aikin majalisa ne. Wannan hujja bai kamata a yi mata dariya ba. Alƙali ba zaɓarsa aka yi ba. Ƙasar da miliyoyin mutanenta ba su da lantarki, mata suna girki da itace, kuma da kuɗin mai ake biyan albashi, ba daidai ba ne mutum ɗaya mai gashin doki a ka ya zauna ya yanke mata yawan man da za ta haƙa. Wannan shawara ce ta waɗanda jama'a suka zaɓa, su ne kuma za su amsa tambaya in abin ya ɓaci.

Sai kuma babbar maganar 2025. Waɗansu ɗaliban shari'a na tsibiran tekun Fasifik suka fara kiran a kai batun Kotun Duniya, ƙaramar ƙasar Vanuatu ta ɗauki tutar, Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince a Maris 2023. Ranar 23 ga Yuli 2025 alƙalan suka ba da fatawarsu baki ɗaya, cewa kare yanayi wajibi ne a kan ƙasashe bisa dokar duniya, kuma ƙasar da ta yi sakaci ana iya neman ta gyara ɓarna ko ta biya diyya. An ce wannan nasara ce ga Afirka, kuma nasarar ce. Amma fatawa ce, ba hukuncin da ya ɗaure kowa ba, ga shi Amurka da Sin, manyan masu hayaƙin, ba su yarda a ja su gaban kotun ba sai da son ransu. Sa'an nan takobin kaifi biyu gare shi. Alƙalan sun ambaci haƙar mai da ba da lasisin nemansa da tallafa wa shansa cikin abubuwan da za su iya zama laifi in ƙasa ba ta ɗauki matakin da ya dace ba. Nijeriya tana cikin waɗanda ruwa ya daka, tana kuma cikin masu sayar da abin da ke jawo ruwan. Wakilinta da zai miƙe a taron duniya ya nemi diyya, sai ya shirya amsar wanda zai nuna masa hoton Neja-Delta da dare.

Mutanen ƙasar nan sun san wannan kotu ta Heg sarai. Ita ce a Oktoba 2002 ta ba Kamaru yankin Bakassi, Nijeriya kuwa ta haɗiye ɓacin rai ta janye sojojinta, ta miƙa yankin gaba ɗaya a Agusta 2008. Ashe dai gwamnati ta iya biyayya ga hukunci mai ɗaci in ta ga idon duniya yana kanta. A shekarun nan da take kwashe tuta daga Bakassi don girmama alƙalan Heg, umurnin alƙalinta na Binin yana ajiye ba wanda ya waiwaye shi.

To, ina amfanin kotu ke nan? Amsar da ta fi dacewa da halin Nijeriya daga Pakistan ta zo, ƙasa mai yawan jama'a da talauci da ambaliya da dokokin da ba a aiki da su, kamar an tsaga kara. A 2015 wani manomi na kudancin lardin Punjab wanda ya karanta shari'a, Asghar Leghari, ya je Babbar Kotun Lahor. Bai ce a hukunta Turawa ba, bai ce alƙali ya ƙirƙiro manufa ba. Cewa ya yi gwamnati da kanta ta rubuta manufar sauyin yanayi a 2012, ta kuma lissafa ayyukan da za ta yi na tanadin ruwa da kare noma, ga shi ba ta yi ba, gonarsu kuwa tana shan wahala. Mai Shari'a Syed Mansoor Ali Shah bai tsaya ga faɗin an take haƙƙi ba. Ya kira ma'aikatu ɗaya bayan ɗaya, ya sa kowace ta ba da sunan jami'in da za a riƙa tambaya, ya kafa hukumar da za ta riƙa kawo wa kotu rahoto, ya ƙi rufe shari'ar. Kafin ya rufe ta a 2018, an ba da rahoton cewa an aiwatar da kimanin biyu cikin uku na ayyukan gaggawa. Wannan bai hana ambaliyar 2022 kashe mutum fiye da 1,700 a ƙasar ba, domin kotu ba ta tsayar da hadari. Abin da ta iya shi ne ta hana ma'aikaci ɓuya a bayan kalmar "gwamnati".

Irin wannan shari'a, kayan aikinta suna nan a Nijeriya, sun ma fi na zamanin Gbemre. Da can lauyan gwamnati yakan tsaya ya ce sashe na 20 na Tsarin Mulki, wanda ya ɗora wa ƙasa nauyin kare muhalli, yana cikin babin da ba a kai ƙara a kansa, ko kuma ya tambayi mai ƙara mene ne nasa a ciki. A Yuli 2018 Kotun Ƙoli ta rage wa wannan dabara ƙarfi, a shari'ar da wata ƙungiya ta kai NNPC kan man da ya malala a rafukan wani gari na Jihar Abiya tun 2003. Ta ce ƙungiya mai kishin jama'a tana da hurumin shigar da ƙara ko da ba gonarta ce ta lalace ba. Shekara 15 bayan malalar aka samu amsar wannan tambaya guda, amma an samu. A Nuwamba 2021 kuma Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a Dokar Sauyin Yanayi, wadda ta kafa majalisa a ƙarƙashin Shugaban Ƙasa, ta wajabta tsara shirin aiki da ƙayyade yawan hayaƙi lokaci-lokaci, ta kafa asusu, ta kuma ba kotu ikon tilasta wa jami'in gwamnati yin aikinsa. Dokar man fetur ta 2021 ta ce tarar da aka karɓa ta ƙona gas a yi amfani da ita wajen gyara muhalli da sauƙaƙa wa garuruwan da abin ya shafa. Kowanne daga cikin waɗannan alkawari ne da majalisar da jama'a suka zaɓa ta rubuta, saboda haka alƙalin da ya ce a cika shi bai shiga gonar kowa ba.

Mutanen Arewa kada su ɗauka wannan magana ce ta masu mai kaɗai. Tun 1981 ake ware wani kaso daga asusun Tarayya don yaƙi da zaizayar ƙasa da ambaliya da kwararowar hamada, jihohi suna karɓar rabonsu. Ina kuɗin suke tafiya? Sau ɗaya dai kotu ta buɗe tukunyar aka leƙa. A Yuni 2018 wata babbar kotu a Abuja ta ɗaure tsohon Gwamnan Filato Joshua Dariye shekara 14 saboda karkatar da fiye da naira biliyan ɗaya na wannan asusu, kuɗin da aka bayar don gyara filayen da haƙar kuza ta lalata. An gurfanar da shi tun 2007. Kotun ɗaukaka ƙara ta rage ɗaurin zuwa shekara 10, Kotun Ƙoli ta tabbatar a 2021, sai ga shi a Afrilu 2022 an yi masa afuwa. Nan ma alƙalai sun yi nasu.

Ko a ɗauki Maiduguri. Madatsar ruwan Alau ta taɓa yin ambaliya a 1994. A Satumba 2024 ta ɓalle cikin dare, ruwa ya mamaye babban ɓangare na birnin, ya shiga kasuwa da asibiti da gidan yari da gidan namun daji, dubban ɗaruruwan mutane suka bar gidajensu, da yawansu waɗanda dama rikici ne ya koro su daga ƙauyukansu. Ruwan sama na shekarar ya yi yawa ƙwarai, kuma masana sun daɗe suna gargaɗin cewa irinsa zai riƙa yawaita a yankin Sahel. Wannan ba hujjar wanke kowa ba ce, hasali ma ita ce take ƙara nauyin da ke kan masu kula da madatsu. Ɗan kasuwar Monday Market da ruwa ya cinye masa shago ba zai iya tabbatar wa alƙali cewa hayaƙin wani kamfani a Turai ne ya jawo masa asara ba. Amma lauyansa zai iya neman kotu ta sa a kawo takardu: nawa aka ware don gyaran madatsar cikin shekaru 30 da suka raba ambaliyar biyu, wa ya karɓi kwangila, yaushe injiniya ya duba ta na ƙarshe, me ya rubuta, a teburin wa rahoton ya kwana, kuma awa nawa aka ba mutane kafin ruwa ya iso. Waɗannan tambayoyi ne masu amsa, masu amsar kuwa suna da suna da ofis. An naɗa kwamitoci, an raba shinkafa da tabarmi, an amince da biliyoyin sake gini, amma kwamiti ba ya rantsar da shaida ya ɗaure shi in ya yi ƙarya.

Wanda zai shigar da irin wannan ƙara sai ya shirya wa rabi na biyu na yaƙin, wanda a nan aka kayar da mutanen Iwherekan. Ya nemi umurni mai ɗauke da sunan jami'i da ranar da zai dawo ya ba da bahasi. Ƙungiyar Lauyoyi ta Ƙasa, wadda takan yi zafi in an taɓa ɗanta, ta riƙa buga jerin hukunce-hukuncen da gwamnati ta ƙi bi. Hukumar da ke kula da alƙalai ta tsayar da ƙa'ida cewa wanda aka canja wa wurin aiki a tsakiyar irin wannan shari'a a bar shi ya ƙarasa ta. Jaridu kuma su aika wakili ranar cikar wa'adi, ba ranar yanke hukunci kaɗai ba.

Daga cikin ukun da Jonah Gbemre ya kai ƙara, NNPC ta rikiɗe ta zama kamfanin kasuwanci a 2022, Shell ta sayar da reshenta mai haƙar mai a kan tudu ga kamfanin Renaissance a Maris 2025, dokar 1979 kuwa an shafe ta a 2021 aka maye gurbinta da wadda ita ma ta bar wa hukuma ƙofar ba da izni. Sabon wa'adin da Nijeriya ta ɗauka na daina ƙona gas shi ne 2030.